Mai Gadin Da Ya Ƙi Barci: Yadda Ake Horar Da Ƙwaƙwalwa



Wata Talata a zangon da ya wuce, muna cikin darasin lissafi, sai wani babur ya wuce ta bayan katangar makaranta, salansarsa ta yi wata irin ƙara, fau! Kafin Malam ya juyo daga allo, rabin aji na ƙarƙashin benci. Mutum biyu har sun kai bakin taga. Da aka gane babur ne sai aka bushe da dariya, ana nuna juna, kowa na cewa wane ne ya fara faɗuwa. Ni ma na yi dariyar. Amma wanda muke zama benci ɗaya da shi bai yi ba. Ina kallon biro na rawa a hannunsa, har aka buga ƙararrawa bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Da muka fito na tambaye shi ko lafiya, sai ya ce mini: "Wallahi na san babur ne, jikina ne bai sani ba."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Ita ce ta kai ni wurin malaminmu na bayoloji, ta kuma sa na yi 'yan karance-karance a lokacin hutu. Abin da na samo shi ne na kawo muku, domin na tabbata ba shi kaɗai ne jikinsa ke yi masa haka ba.

Ba sai na tsawaita a kan dalili ba. Duk wanda ya tashi a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi a 'yan shekarun nan ya san abin da kunnuwansa suka ji. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Ranar 1 ga Satumba ta wannan shekarar aka sake kwashe ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantun jiha baki ɗaya, aka katse layukan waya, aka dakatar da kasuwannin mako. Sai da shekara ta juya kafin aka soma buɗe wasu makarantun. Da yawa cikinmu muna firamare ko ƙaramar sakandare a lokacin. A ajinmu kaɗai akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu suna zaune gidan dangi, akwai wanda aka taɓa tara kuɗin fansar ɗan'uwansa, akwai wanda gonarsu ta gagara zuwa. Duk wannan kaya muke ɗauke da shi zuwa aji kowace safiya, tare da jakar littattafai, sannan a ce mu zauna mu fahimci lissafi.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace na aika saƙo ga dubban 'yan uwanta. Sassa uku kawai nake so mu riƙe.

Na farko sunansa amigdala. Guda biyu ne, dama da hagu, can ciki daidai saitin kunnuwa, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa babba ba. Shi ne mai gadi. Aikinsa ya lura da haɗari ya yi kururuwa. Wani masani ɗan Amurka, Joseph LeDoux, ya nuna ta hanyar bincike a kan ɓeraye cewa ƙara tana da gajerar hanya da take bi ta isa wurin mai gadin nan kafin ta kai sashen da ke yin tunani. Ma'ana, kafin ka ce "mene ne wannan?" mai gadi ya riga ya busa usur. Nan take wasu ƙananan ƙullutai da ke saman ƙoda su zubo wani sinadari, adiranalin, cikin jini. Zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sama-sama, jini ya tafi ƙafafu da hannuwa, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Jiki ya shirya gudu ko kokawa, ko kuma ya sandare wuri ɗaya. Babu wanda ya zaɓi wannan. Saboda haka wanda ya faɗa ƙarƙashin benci ba rago ba ne, mai gadinsa ne ke bakin aiki, kuma da a ce harbi ne na gaskiya, shi ne ya fi kowa dabara.

Na biyu shi ne sashen da ke bayan goshi. Shi ne dattijon gida, mai auna magana, mai cewa "tsaya mu gani". Shi ke kwantar wa mai gadi da hankali idan ya tabbatar babur ne. Sai dai masana sun ce wannan sashe shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala sai mutum ya kai wajen shekara 25. Mu da muke tsakanin 13 da 19, mai gadinmu ya riga ya zama ƙato, dattijonmu kuwa gemu bai gama fito masa ba. Wannan ya isa ya bayyana abubuwa da yawa da muke yi, har da waɗanda ba su da alaƙa da 'yan bindiga.

Na uku shi ne hifokamfas, rumbun ajiya. Ta nan sabon karatu ke bi kafin ya zauna.

Matsala tana farawa idan haɗari ya yi ta maimaituwa. Hausawa sun daɗe da ganin wannan, suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mai gadin da aka tasa sau goma cikin dare, daga baya ko akuya ce ta taɓa ƙofa sai ya yi ihu. Yana ƙin barci. Jiki ya riƙa zama cikin wani sinadarin na biyu, kotizol, wanda in ya daɗe da yawa yana hana dattijo auna magana, yana kuma hana rumbu karɓar sabon kaya. Shi ya sa za ka karanta shafi ɗaya sau uku, ka rufe littafi, ka rasa me ka karanta. Shi ya sa wasu ke saurin fushi a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu ciwon kai, wasu mugun mafarki. Na san yaron da yake cikin ukun farko a firamare, yanzu ana ce masa daƙiƙi. Ba basirarsa ce ta tafi ba.

Turba ƙafa ke yin ta

Da can masana sun ɗauka ƙwaƙwalwa in ta girma ta daskare ke nan, kamar tukunyar da aka gasa. Yanzu an tabbatar ba haka ba ne. Tun a 1949 wani ɗan Kanada, Donald Hebb, ya kawo ra'ayin cewa ƙwayoyin jijiyar da ke yawan aiki tare, igiyar da ke tsakaninsu tana ƙara kauri. Dubi yadda turba ke fita a gona: babu wanda ya zo da fartanya ya zana ta, mutum ɗaya ya ratsa, wani ya bi sawunsa, kafin kaka ta yi ta zama hanya.

A Landan, kafin a ba mutum lasin tuƙa baƙar tasin nan ta birnin, sai ya haddace tituna wajen dubu 25, abin da kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 wata masaniya, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalen waɗannan direbobi, ta tarar bayan hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a sana'ar nasa ya fi. Wani zai ce wataƙila da haka aka haife su. Sai ta bi sababbin masu koyo tun daga farko, a 2011 ta fitar da sakamako: waɗanda suka ci jarrabawar, sashen ya ƙaru, waɗanda suka faɗi ko suka bari, bai ƙaru ba. Ina ma a ce ta taɓa zuwa tashar Ƙaura ta duba kan direbobinmu da 'yan kabu-kabu, waɗanda suka san kowane rami da kowace kwana daga nan zuwa Moriki har Shinkafi.

A Jamus kuma, a 2004, an koya wa wasu matasa wasan cilla ƙwallaye uku sama ana cafewa. Bayan wata uku hoto ya nuna wani sashe na ƙwaƙwalwarsu ya ƙaru. Da suka daina wasan na wata uku, sai ƙarin ya soma komawa. Mu nan ba mu rasa misalin wannan ba. Layin dogo ya iso Ƙaura tun 1929, ƙarfe ne ba kara ba, amma inda jirgi ya daɗe bai bi ba ciyawa ta rufe shi.

Gaskiya ma ba sai mun je Landan ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san horar da ƙwaƙwalwa. Ana rubuta kaɗan, a biya, a maimaita da asuba, a maimaita da dare, a wanke, a ci gaba, a riƙa komawa baya ana tilawa don kada na baya ya zube. Babu gardin da ya haddace izu sittin a dare ɗaya, babu kuma mahaddacin da ya bar tilawa shekara guda ya tarar da haddarsa yadda ya bar ta. Abin da masana ke cewa shi ne, yadda ake haddace karatu, haka jiki ke haddace tsoro, haka kuma ake iya koya masa natsuwa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a faɗa ƙarara. Binciken da aka yi ya nuna tsohuwar turbar tsoro ba ta gogewa. Abin da ke faruwa shi ne ana taka sabuwa a gefenta, har ta fi ta faɗi, ƙafa ta riƙa zaɓarta. Saboda haka duk wanda ya ce maka "ka manta kawai", bai san yadda kai yake aiki ba. Kuma a garuruwanmu ba ma so mai gadi ya mutu. In ka ji harbi na gaskiya, ka gudu, ka ɓuya, ka bi umarnin manya. Abin da muke nema shi ne in haɗari ya wuce, mai gadi ya iya ajiye sandarsa.

To, yaya ake horon?

Mu fara da numfashi, don shi ne kowa ke da shi kyauta. Ba ka iya ce wa zuciyarka ta rage bugu, ba ka iya ce wa cikinka ya daina murɗawa, amma numfashi yana jin maganarka, kuma yana da hanya zuwa zuciya. Gwada yanzu kana tsaye gaban allon nan. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka inda jijiya ke harbawa. Ja numfashi a hankali, sannan ka sake shi a hankali. In ka lura da kyau za ka ji bugun yana ɗan ƙara sauri lokacin ja, yana ɗan lafawa lokacin saki. Wata doguwar jijiya ce da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta sauka ƙirji da ciki take taka wa zuciya birki duk lokacin da kake fitar da iska. In ka tsawaita fitarwar, ka tsawaita birkin ke nan.

Ga yadda ake yi. Ka zauna, ka ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, cikinka ne zai kumbura, ba kafaɗu za su ɗaga ba. Ka sake ta sannu kana ƙirga ɗaya zuwa shida, kamar mai hura kunu mai zafi. Ka yi haka minti biyar. Hankalinka zai gudu, ya tafi kasuwa, ya tafi ƙwallon jiya. Ba laifi, ka dawo da shi kan ƙirga. Wannan dawowar ita ce ainihin horon, duk dawowa ɗaya taku ɗaya ne a kan sabuwar turba. Kuskuren da na yi da farko shi ne na jira sai ranar da gabana ke faɗuwa sannan na gwada, bai yi mini komai ba, na ce ƙarya ce. Malam ya yi dariya ya ce: "Kai, ranar wasan ƙarshe ake fara atisaye?" A lokacin da hankali ke kwance ake koyo, kullum, a lokaci ɗaya. Ni na zaɓi bayan sallar asuba, kafin gida ya cika da hayaniya. Mai yin salla da natsuwa, yana cika ruku'u da sujada ba kamar kaza na tsattsagar dawa ba, ya kuma zauna ya yi azkar ɗinsa a tsanake, zai ga wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Haka abokanmu Kiristoci da addu'arsu ta safe.

In kuwa abin ya taso maka a cikin aji, ka ji kamar kana can wurin da abin ya faru, ka danna tafin ƙafarka a ƙasa, ka nemo abu biyar da idonka ke gani ka ambace su a zuci: allo, taga, hular wane, tsagar bango, alli. Sai abu huɗu da kunnenka ke ji. Kana ba dattijo aiki ne, kana kuma nuna wa mai gadi cewa nan aji ne, yau Talata ce.

Na biyu, kiran abu da sunansa. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a wata jami'a ta Kalifoniya sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro suna kallon ƙwaƙwalwarsu a na'ura. Duk lokacin da mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da abin da ya gani, sai aikin amigdala ya ragu, na sashen goshi ya ƙaru. Mu kuwa Allah ya hore mana kalmomi. Tsoro daban, firgici daban. Fargaba ita ce ta abin da bai zo ba tukuna. Zullumi shi ne na jiran labari, irin wanda ake yi in Baba ya tafi kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, magariba ta yi bai dawo ba. Akwai takaici, akwai baƙin ciki, akwai kewa. Amma in aka tambaye mu, duka sai mu dunƙule su mu ce "ba komai". Ko ba za ka gaya wa kowa ba, ka gaya wa kanka gaskiya: wannan da nake ji zullumi ne. Wanda bakinsa ke yi masa nauyi ya samu tsohon littafin rubutu. Tun 1986 James Pennebaker ya gwada sa ɗalibai su rubuta abin da ke cin ransu, minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, aka ga zuwansu asibiti ya ragu a watannin da suka biyo baya. Ba wanda zai duba maka ƙa'idar rubutu, in ka so ma ka yaga ka jefa a murhu. Sai dai in ka ga rubutun na ƙara dagula ka, ka ajiye, ka nemi mutum.

Yanzu ga wanda na san zai jawo mini harara: waya da barci.

Likitoci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. A cikin barci ne rumbu ke jera karatun da aka zuba masa da rana. Wanda ya kwana yana karatu daren jarrabawar WAEC ko NECO, ya auno hatsi ne ya bar shi a tsakar gida. A 2007 an hana wasu matasa barci dare guda a Amurka, aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali, sai aka ga amigdalarsu ta yi zafi fiye da ta waɗanda suka yi barci da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Dare ɗaya ke nan. Na san akwai dararen da ba mu muka hana kanmu barci ba, ana jin harbi daga nesa, ko an ce kowa ya kwana da takalminsa kusa. Wannan ba laifin kowa ba ne a cikinmu. Amma akwai dararen da gari ke lafiya lau, mu ne muke ƙarƙashin bargo da waya har ƙarfe ɗaya.

Kuma me muke kallo? Da an kai hari, kafin a yi jana'iza bidiyon gawarwaki ya zagaye WhatsApp da Facebook da TikTok. A tura maka, ka kalla, ka maimaita, ka tura gaba. Muryoyin 'yan bindiga suna barazana, su ma a yi ta yawo da su. Bayan harin bam da aka kai wurin gasar gudu a birnin Boston a 2013, masu bincike sun tarar mutanen da suka riƙa bin labarin a talabijin da intanet awa shida ko fiye a rana sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda suke wurin da abin ya faru. Mai gadi ba ya bambance bidiyo da gaskiya sosai. Duk kallo ɗaya taku ɗaya ne a kan tsohuwar turba. A ganina tura irin wannan bidiyo ba taimako ba ne, cin mutuncin mamaci ne, kuma aikin maharan ake taya su, domin tsoron nan shi suke so ya yaɗu. Sanin hanyar da ba ta da lafiya yau wajibi ne, amma jimla biyu daga bakin babba ko labaran rediyo sun wadatar.

Motsa jiki ba sai na yi dogon bayani ba. Adiranalin an zubo shi ne don a yi gudu. Ƙwallo, langa, tsallen igiya, gaɗa, ko tafiya da sauri, duk suna taimakawa. Wanda ya daina fita wasa tun da abin ya faru, komawarsa fili magani ce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk karatun da na yi shi ne, babban abin da ke sa yaro ya jure wahala ba a cikin kansa yake ba. A tsibirin Kauai na jihar Hawayi, Emmy Werner ta bi rayuwar jarirai 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da rikicin gida. A cikin waɗannan, kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, masu sana'a da iyali da kwanciyar hankali. Da aka duba me ya raba su da sauran, abin da ya yi ta fitowa shi ne kowannensu ya samu aƙalla babba ɗaya da ya riƙe shi da gaske. Wani kaka ce, wani gwaggo, wani malamin makaranta, wani maƙwabci.

A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya ga likitoci irinsa ba su isa ƙasar ba, sai ya koya wa tsofaffin mata yadda ake sauraron mai damuwa da taya shi warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya. Suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. Ciwon da suke magani, a harshensu sunansa "yawan tunani", kamar dai yadda muke faɗa. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.

Da na karanta wannan sai na tuna tawa kakar. In ta ga na yi shiru a bakin murhu takan ce: "Maigida, matso nan. Mi ka damun ka?" In na ce ba komai, sai ta miƙo mini ƙwaryar gyaɗa ta ce in taya ta ɓara. Kafin ƙwarya ta kai rabi na faɗi komai. Ba ta taɓa jin sunan amigdala ba. Kowa ya duba wa yake da shi irin wannan. Kai ma kana iya zama wa wani, kuma ba wuya: ka saurara, kada ka katse shi da naka labarin, kada ka ce "kai ba namiji ba ne", kada kuma ka kai maganarsa dandali.

Inda horo ya tsaya

Ba na so kowa ya bar gaban allon nan da zaton numfashi zai maye gurbin tsaro ko abinci. Ƙwaƙwalwa da tuwo take aiki. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomin lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Ƙannenmu ne waɗannan, kuma a shekarun nan ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin girma. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma da manya, ba wanda zai ce yaro ya horar da kansa a kan yunwa. Haka kuma in wani ya yi duk abin da na lissafa bai ji sauƙi ba, ba gazawarsa ba ce, ba kuma raunin imani ba ne. Wanda ƙafarsa ta karye ba atisaye yake buƙata ba, ɗori yake buƙata.

In mugun mafarki, ko ganin abin da ya faru kamar yanzu yake faruwa, ko gudun duk abin da ke tuna maka shi, ya wuce wata ɗaya, a je asibiti. In mutum ya yi mako biyu ba ya jin daɗin komai, ba ci, ba barci, ba magana, a je asibiti. In kuwa har ya soma cewa gara ya mutu, ko yana tunanin cutar da kansa, ranar nan za a gaya wa babba, ko da ya sa ka ka rantse ba za ka faɗa ba. Ana farawa daga babban asibitin garinku, su za su tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato in akwai buƙata. Zuwa can ba ya nufin hauka. A gidajenmu da yarinya ta soma firgita ko faɗuwa sai a ce iska ce. Ba na hana kowa addu'a, amma a haɗa da likita, kamar yadda ake yi in zazzaɓi ne.

Akwai kuma gajerar hanyar da wasu ke bi, tiramol, kodin, wiwi, sholisho. Suna sa mai gadi ya yi shiru na 'yan awoyi, gaskiya ne. Amma ƙwaƙwalwa tana haddace wannan turbar ma, da sauri fiye da kowace, kuma dattijon da bai gama girma ba shi suke fara kayarwa. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa.

Abokina na benci ya yarda in ba da labarinsa muddin ban faɗi sunansa ba. Mun yi wajen wata biyu muna yin numfashin nan tare kafin taron safe, a bayan ajinmu, wasu na wucewa suna ce mana masu iska. Ya kuma soma zama wurin kawunsa da dare maimakon ɗaki shi kaɗai. Makon jiya iska ta bugo ƙofar ajin da ke kusa da namu da ƙarfi. Ya sunkuya kamar yadda ya saba, ni ma haka. Na ga ya ɗago, ya dafa benci, leɓensa na motsi yana ƙirga. Hannun bai daina rawa gaba ɗaya ba, rubutun ya ɗan karkace, amma ya gama kwafe aikin kafin Malam ya goge allo.